Barewar da Ba Ta Iya Ɓuya

Gidan da muka fara zama a unguwar Glenwood, cikin garin Greensboro na Amurka, ƙarami ne kuma tsoho, duk inda ka taka sai katakon ƙasan ya yi ƙara. Ɗaki biyu ne da falo. Baba yana karatun digiri na uku a jami'ar da ke kusa da mu, da keke yake zuwa, Mama kuma tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Ina da shekara tara a lokacin, ƙanwata Rabi tana da shida. Da Mama ta haifi autanmu, sai Baba ya yi ta fafutukar biza har Allah Ya sa aka kawo mahaifiyarta, Inna Dije, daga ƙauyensu na ƙasar Ningi. Wankan jego ta zo yi, sai ga shi ta yi sanyi biyu tare da mu.

Inna Dije ba ta taɓa yarda da hita ba. Cewa take yi ɗumin da ba a ga wutarsa ba, ba ɗumin Allah da Annabi ba ne. A satinta na biyu ta gano akwai murhu a jikin bangon falo, an toshe bakinsa da katako an ɗora tukunyar fure a gaba. Ta tasa Baba a gaba har sai da ya roƙi mai gidan, aka kira mai share bututun hayaƙi, aka buɗe. Daga ranar, in an idar da Magariba, sai ta shimfiɗa bargo a gaban murhun, ta miƙe ƙafafunta, ta binne dankali a gefen garwashi. Ta ce a duk abincin ƙasar nan, dankalinsu kaɗai suka iya nomawa.

Doka ɗaya ce a gaban wutar: ba a Turanci. Rabi, wadda harshenta ya riga ya fara karkacewa, takan manta ta yi tambaya da Turanci, sai Inna ta dafa kunnenta ta ce yau ya toshe. Ni kuwa maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, ka dawo daga makaranta hannu na dukan cinya. Yau ma ba cefane?"

"Inna, ai ba a biya mu albashi ba."

"To zauna. Miji marar cefane ba shi da rabo sai ƙaramin dankali."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda na ji sauran mutane suna buɗewa. Sai ta ƙwanƙwasa ƙasa da yatsa sau biyu ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Ta ba mu na Gizo da yawa, da na kura, da na yarinyar da ta bi tsuntsu har bayan duwatsu. Yawancinsu sun zube mini a hanya. Guda ɗaya ce ta zauna daram, kuma ita ce wadda na fi ƙi a lokacin.

Wata Lahadi Baba ya ari motar abokinsa ya fita da mu shan iska kudu da gari. Muna dawowa da yamma sai ga barewa huɗu a bakin hanya, irin manyan nan na Amurka masu ɗaga farar wutsiya in za su gudu. Inna ta manna fuskarta a gilashi tana salati. Mahaifinta maharbi ne, ta tashi cikin warin fata da dafin kibiya, amma ta ce rabonta da ganin barewa a sake tun tana budurwa. "Ƙasar da nama ke yawo a titi ba mai shi," ta faɗa wa kanta. Da muka isa gida ba ta yi mini wasan cefane ba. Ta jira wuta ta kama, ta ƙwanƙwasa ƙasa, ta fara.

Ta ce a wani gari da ke bakin daji an yi wani maharbi sunansa Tanko. Yana saurayi wata damisa ta addabi garin, ta cinye awaki, har ta kai ga ɗauke jariri a bayan danga. Tanko ya bi sawunta kwana uku shi kaɗai, ya dawo da ita a kafaɗa. Tun daga nan ba a kiransa sai Tanko Mai Damisa. In ya shiga kasuwa makaɗa su bar abin da suke yi su bi shi.

Ana nan sai aka haifi wata barewa a dajin, fara fat kamar audugar da aka gurza. Zabiya ce, idanunta ba sa jure rana, ga shi ko cikin duhun kurmi ta shiga ana hango ta daga nesa. Garkensu ba sa son tafiya da ita, don duk inda ta tsaya ta tona musu asiri. Sai ta koma zama ita kaɗai kusa da rafin da matan gari ke ɗiban ruwa. Mata suka saba da ita, suna ƙullo mata dusa da harawa a gefen zane. Wadda ta fara ganinta da safe takan ce yau ta tashi da sa'a.

Sarkin baka, wato shugaban maharban garin, ya tara mutanensa. A nan Inna takan kumbura murya ta zama tsoho. "Kowace dabba Allah Ya ɗinka mata rigar ɓuya. Zomo yana da launin ƙasa, gada tana da launin inuwa. Shi ya sa in kun harbe su kun ci guminku. Wannan kuwa ba riga aka aiko ta. Wanda ya zo maka tsirara ba ka ɗaga masa baka." Duk suka ce sun ji.

Shekaru suka ja. Damisa ta zama tsohon labari, samari suka taso da nasu bajintar, makaɗa suka koma bayansu. Tanko yakan ratsa kasuwa daga wannan baki zuwa wancan ba wanda ya waiwayo. Ba yunwa yake ji ba, rumbunsa cike yake. Abin da ya rasa shi ne jin sunansa a bakin mutane. Wata safiya ya riga mata zuwa rafi. Barewar ta ji motsi, ta ɗago kai, rana ta dallare mata ido. Ta ɗauka masu dusa ne, ta tako zuwa gare shi. Taku goma ne tsakaninsu da ya saki kibiyar.

Ya feɗe ta, ya shanya farar fatar a ƙofar gidansa inda kowa zai gani, ya yanka naman ya aika gida-gida. Mutane suka zo, suka tsaya suka dubi fatar, suka juya ba wanda ya ce ƙala. Kafin la'asar ƙorai suka fara dawowa, kowace a rufe da faifanta yadda aka kai ta.

Inna ta tsaya a nan, ta sa tsinke tana jujjuya dankali.

"Sai me ya faru?" na tambaya.

"Shi ke nan."

"Aljanu ba su kama shi ba? Bai makance ba?"

"Babu aljanu. Idonsa ras har ya tsufa. Ya yi 'ya'ya, ya yi jikoki, gonarsa ba ta fasa ba da hatsi ba."

"To sarkin baka fa, bai kore shi daga gari ba?"

"Bai ce masa komai ba. Kullum suna gaisawa a masallaci. Sai dai tun daga ranar ba a ƙara ce masa Mai Damisa ba. In baƙo ya tambayi gidansa, sai a ce, wane Tanko, wanda ya harbi fara?"

Na ce wannan ba tatsuniya ba ce, tunda mugu bai ga sakayya ba. Rabi ta ce ita dai tausayin barewar take ji, ta fara hawaye. Inna ta ɓare dankali ta hura, ta miƙa mata. Ni kuma ta dube ni ta ce, "Maigida, kai so kake a doke shi ya huta." Ban gane ba, na ɗauka irin zancen tsofaffi ne. Sau uku ko huɗu ta sake ba mu wannan tatsuniya kafin ta koma gida, kuma kowane karo sai na yi mata gardamar ƙarshen.

Da Baba ya gama karatu muka koma Najeriya. A can na yi sakandare, a can Inna Dije ta rasu ina aji biyar. Bayan shekaru karatu ya sake dawo da ni Greensboro, na samu aikin gwajin jini a wani asibiti, na auri Binta, muka haifi 'yan mata biyu, Amira da ƙanwarta. Da hali ya samu muka sayi gida a Pleasant Garden, inda gidaje ke nesa da juna, ko burodi za ka saya sai ka tada mota.

Maƙwabcinmu na hannun dama wani dattijon Bature ne, Mista Earl, wanda ya yi ritaya daga masana'antar kujeru. Bayan gidansa yana da daji mai faɗi da ya gada daga mahaifinsa, da 'yar ƙorama a tsakiya. Matarsa, Misis Carol, ciwon mantuwa ya fara kama ta. Takan gane ni yau, gobe ta tambaye ni ko ni ne mai kawo wasiƙa. Shi yake mata komai, har taje kai.

Sanadin abotarmu naman layya ne. Sallar farko da muka yi a unguwar na kai musu cinyar rago. Bayan kwana biyu sai ga shi da ƙullin naman barewa da ya harbo da kansa. Na yi ta kame-kame, a ƙarshe na bayyana masa cewa mu sai wanda aka ambaci sunan Allah a kansa. Bai ji haushi ba, dariya ma ya yi.

"To ai da sauƙi, Sagir. Ka harbo naka, ka faɗi duk abin da kake faɗa."

Shi ya raka ni ajin da ake koyar da ƙa'idojin farauta, shi ya nuna mini yadda ake yankar lasin, shi ya zaɓa mini bindiga. Ya koya mini duba iska, da gane sawu, da zama shiru a kujerar da ake kafawa a saman bishiya har ƙafa ta mutu. Ranar da ya ba ni mukullin ƙofar dajinsa, ya riƙe shi a hannu bai sake ba sai da ya gama magana.

"Duk abin da doka ta yarda maka, ka harba. Amma akwai wata fara da ke zuwa bakin shingen bayan kicin. Doka ba ta hana ba, ni ne nake roƙonka. Carol tana mance sunan 'ya'yanmu, amma ba ta mance wannan barewa."

Na ce masa ko kusa, ai mu ma a wajenmu akwai irin wannan magana. Har na ba shi labarin Tanko a taƙaice, ina jin daɗin kaina, ina nuna masa cewa mu ma mun gaji ladabin daji. Wannan yana daga abubuwan da in na tuna nake runtse ido.

Na sha ganinta bayan haka. Da sassafe Misis Carol takan fito da rigar sanyi ta zuba yankakken tuffa a gindin shinge, ta koma ta zauna a bakin taga da kofin shayinta. Can sai barewar ta ɓullo daga cikin itatuwa, tana tafiya a hankali kamar mai lalube. Hancinta da cikin kunnuwanta ja-ja ne, idanunta kullum a ƙanƙance. 'Ya'yana sun sa mata suna Madara.

Shekara biyu ina shiga dajin ban harbo ko zomo ba. Sau ɗaya na yi tari a daidai lokacin da bai kamata ba, sau ɗaya na harba na sami itace. Kuskurena shi ne tun ranar da na sayi bindiga na sa hotona a guruf ɗin waya da muke da shi na 'yan Arewa, da hular farauta ruwan lemo, na rubuta cewa jinin maharban Ningi ya motsa. Daga nan na zama abin wasa. Duk Juma'a in an fito masallaci, Alhaji Sabo, dattijon da ya fi kowa barkwanci a cikinmu, sai ya kama hannuna a gaban jama'a.

"Sarkin baka, ina kilishinmu? Ko barewar Amurka ma sai da afoyinmen ake ganinta?"

A yi dariya, ni ma in yi. Wasa ne, ba da mugunta ba, kuma ba na ɗora masa ko ƙwayar zarra na abin da na aikata. Firizata cike take da naman rago da kaji. Ba abin da na rasa.

A shekara ta uku, saura kwana biyu a rufe lokacin farauta, ƙarshen Disamba, na yi sallar Asuba na shiga dajin. Mista Earl ya kai matarsa asibiti tun jiya, na san ba sa nan, ko dai haka na ɗauka. Sanyi ya daskarar da ganyen ƙasa. Na zauna a saman bishiya awa uku ban ga komai ba sai kurege. Ina shirin saukowa rana ta fito sosai, sai na hango fari yana motsi a gefen ƙorama.

Ba zan ce na ɗauka wata ce ba, don ba a kuskuren ta da komai a dajin nan. Ba zan ce hannuna ne ya zame ba. Na daɗe ina kallonta ta madubin bindiga. Na tuna Mista Earl da mukulli a hannunsa. Na tuna Inna Dije, wallahi na tuna ta, har muryar da take yi wa sarkin baka. Sai wata murya ta ce mini ai tatsuniya tatsuniya ce, doka ta halatta, shari'a ta halatta, dila ko mota za su kashe ta ko ba yau ba, kuma ba wanda ya taɓa kawo irin wannan hoto guruf. Ta ji ƙamshin mutum ta ɗago kai. Maimakon ta ruga, sai ta yi taku biyu zuwa wajena tana shinshina iska. Na ce Bismillahi, Allahu Akbar, na ja kunamar.

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ni ban ci gudun komai ba. Ta faɗi a inda take tsaye.

Farin cikin bai wuce minti biyar ba, amma ya isa in jingina wayata a kututture in ɗauki hoto, ina durƙushe na riƙe kanta ina murmushi. Ya isa in tura shi guruf. Kafin in gama jan ta zuwa mota saƙonni sun fara shigowa. Alhaji Sabo ya rubuto cewa lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wani ya ce in ajiye masa fatar ya yi buzun salla. Wata baiwar Allah, malama a jami'a, ita kaɗai ta rubuta, "Allah sarki, wannan ai ba ta ko gani sosai." Na yi kamar ban karanta ba.

Na kira lambar hukuma na yi rajistarta yadda doka ta ce. Sannan na lulluɓe ta da tamfol a bayan mota, abin da doka ba ta ce ba. Ban bi ta gaban gidan Mista Earl ba, na zaga ta wata hanya, na wuce mahaucin da shi Mista Earl ya saba kai wa, na tafi wani can nesa inda ba a san ni ba. Tun a wannan tafiya na san matsayin abin da na yi. Mai gaskiya ba ya zagaye.

Binta ta riga ta ga hoton, matar wani ta tura mata. Na shigo na tarar da ita a kicin tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

"Baban Amira, Madara ce?"

"Halal ce, Binta. Na yi bismilla, ina da lasin."

"Ban ce haram ba ce. Tambayarka na yi ko ita ce."

Na ce ita ce. Ta ajiye wuƙar ta wanke hannu.

"Ni dai ba zan dafa ba, kuma ba zan gaya wa yara ba. Kai za ka gaya musu. Mutumin nan mukullinsa ya ba ka."

Da naman ya dawo a ƙulle cikin farar takarda, na jera shi a ƙasan firizar gareji na danne da buhunan kayan miya. Na goge hoton daga guruf, amma ya riga ya zaga. Ranar Juma'a mutane suka yi ta ba ni hannu, ina amsawa ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan sati ɗaya ina fitar da shara sai Mista Earl ya tako bakin shinge. Ya ce kwana bakwai ke nan fara ba ta zo ba, Carol tana ta tambaya, ko na gan ta a daji? Na dubi tsohon nan cikin ido na ce ban gan ta ba, wataƙila diloli ne, na ji kukansu kwanan nan. Ya ɗan jima yana dubana, ya gyaɗa kai, ya ce wataƙila. Ya koma ciki.

Wata biyu na yi ina ɗauke da wannan ƙarya. Kullum in zan fita aiki sai na ga Misis Carol ta zuba tuffa a gindin shinge, na jiya yana nan ya yi baƙi, ta koma bakin taga. Na daina bin ta gaban gidansu da ƙafa. Na gaya wa 'ya'yana gaskiya wata Asabar. Babbar, Amira, ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi mini da Turanci, wai Madara ta gudu ko ta tsaya? Na ce ta tsaya. Ta tashi ta shige ɗakinsu, ƙanwarta ta bi ta.

Washegari na ɗauki mukullin na nufi gidan Mista Earl. Na same shi a rumfar bayan gida yana gyaran injin yanke ciyawa. Na tsaya na faɗa masa komai, har da tamfol, har da hoton. Bai daina ɗaure kusoshinsa ba sai da na kai aya.

"Na sani," ya ce. "Mun dawo daga asibiti tun cikin dare, kafin ka shiga dajin, mota tana gareji. Na ji harbin. Da rana na bi sawun, na ga farin gashi a jikin waya inda ka jawo ta."

"Me ya sa ka tambaye ni, tunda ka sani?"

"So nake in ji abin da za ka ce."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce ya yafe mini, kuma ina so in shiga in roƙi Misis Carol gafara da bakina. A nan ne ya ajiye sifana ya miƙe tsaye.

"A'a. In ka gaya mata yau, za ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Gobe ta manta, ta sake tambaya. Kana so in riƙa kashe mata barewar nan kowace safiya? Kai ne za ka ji sauƙi in ka faɗa, ba ita ba. Ka riƙe kayanka."

Ya miƙo hannu, na sa masa mukullin. Ya jefa shi a aljihu, ya koma kan injinsa. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Naman na kai wa wani wuri da ke ciyar da marasa galihu, don barin shi ya lalace wani laifin ne a kan laifi. Fatar ban karɓo ba. Bindigar tana nan a kulle, ban sayar ba, ban kuma sake ɗauka ba. Ba na cewa farauta laifi ce. Mista Earl yana yi har gobe, kakan Mama ya ciyar da gidansa da ita, kuma na ga yadda maharbin kirki ke girmama abin da ya kashe. A guruf ma an yi ta muhawara daga baya, wasu na cewa zabiyar barewa nama ce kamar kowace, barin ta ma yana yaɗa rauni a garke, wasu na cewa abin da ba kasafai ake gani ba na kowa ne, bai kamata mutum ɗaya ya kai shi firiza ba. Ban sa baki ba. Ni na san ba don garke na harba ba, ba kuma don tukunya ba.

Na kira Rabi a Kaduna na ba ta labari. Ta ce, "Yaya, kai ne fa kullum kake cewa a makantar da Tanko." Haka ne. Ina yaro na ɗauka Inna ta manta ƙarshen tatsuniyar ne, ko ta gaji. Sai da na kai shekara arba'in na gane cewa ƙarshen ke nan, kuma ta san abin da take yi. Wanda aka doka ya biya, ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Wanda aka ƙyale kuwa, shi zai tashi kowace safiya ya gaisa da mutanen da suka san shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba jahilci ya kai ni ba. Tsohuwar nan ta tsallako teku, ta zauna a gaban murhun aro a Glenwood, ta ba ni gargaɗin da ya dace da ni kamar an auna, shekara talatin kafin in buƙace shi. Na haddace shi har ina ba wa Bature labari. Ranar da aka zo aiki da shi, na ajiye shi a gefe na ɗauki hoto.

Har yanzu muna maƙwabtaka. Mista Earl yana amsa gaisuwata, ranar da ƙanƙara ta karya reshe a kan hanyarmu ma shi ya zo da zarto ya taya ni. Binta tana kai musu abinci duk Lahadi. Da Sallah na kai cinyar rago kamar yadda na saba, ya karɓa ya yi godiya. Maganar daji dai ba ta sake haɗa mu ba.

Makon jiya Binta ba ta jin daɗi, sai ni na kai musu kwanon. Misis Carol tana zaune a bakin tagar kicin, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo, ta rame sosai. Ba ta gane ni ba, amma ta yi mini murmushi, ta kama hannun rigata.

"Kai da kake yawo a waje, ka ga farar yarinyata?"

Mista Earl yana tsaye a bakin wurin wanke-wanke, ya juya mana baya. Na ji ya rufe famfo.

"Ban gan ta ba yau, Misis Carol," na ce.

"Za ta zo," ta ce, ta mai da idonta kan shinge. "Ba ta tsoron mutane, ka sani. Ba wanda ya taɓa yi mata komai."